Gonar da Ba a Sassabe Ba

A daminar 1984 Sha'ibu ya shuka gonarsa sau uku. Gonar tana kan jigawa, yamma da Gangara, kuma tun zamanin mahaifinsa ba a san ta da kututture ko ɗaya ba. Kowace bazara yakan sare sabara da kalgo, ya tara karan bara ya cinna masa wuta, sannan ya ja igiya ya sara ramuka a miƙe, taku guda tsakani, kamar yadda wani malamin gona daga Agiye ya koya musu. Masu wucewa kasuwa kan tsaya su yaba.

Shukar fari ta tsiro, iskar gabas ta taso da rairayi ta yanke ta. Ta biyu ƙasa ta binne. Ta uku da irin da matarsa Binta ta roƙo wajen danginta a Cadawa aka yi ta. Geron ya kai gwiwa, sai ruwa ya ɗauke kwana ashirin da shida. Sha'ibu bai daina zuwa gona da hauya a kafaɗa ba, ko da yake babu ciyawar nomewa. Yakan zauna bakin iyaka har rana ta take, ya koma gida. Binta ta bar tambayarsa.

Gonar da ke jikin tasa ta yayarsa Habi ce. Mijinta ya tafi cin rani shekara biyu ke nan, ba saƙo. Sha'ibu ya yi alkawarin yi mata sassabe, bai samu zuwa ba, sai ta shuka yadda ta iya: tana zagaye bishiyoyi, tana cusa iri a bayan sabara inda iska ba ta bugu, karan bara na kwance inda ya faɗi. Tsakanin geron ta watsa wake, ya yaɗu ya rufe ƙasa. Shuka ɗaya ta yi.

Wata safiya Sha'ibu ya tona gonarsa da hannu har gwiwar hannu, rairayin na zubewa ta tsakanin yatsunsa, da zafinsa. Ya ƙetara iyaka ya tona gindin wani kalgo, ƙarƙashin busasshen ganye. Bai kai taƙi guda ba ya ji sanyi. Ya dunƙule ƙasar, ta tsaya dunƙule. Habi ta same shi a durƙushe.

"Yaya, me kika zuba a nan?"

"Ba komai. Ƙarfin sarewa ne ba ni da shi."

Ya jima yana kallon ƙasar da ke tafinsa. Bai ji haushi ba, bai ji kunya ba. Ya goge hannu a riga ya koma wurin zamansa.

Da kaka abin da ya samu bai cika kwando ba. Habi ta ɗaure dami bakwai, da ɗan wake. Ta ce a haɗa tukunya, aka haɗa. Hatsin ya kai su tsakiyar sanyi, daga nan Binta ta kwashe yara zuwa Cadawa.

Rannan Habi ta miƙa masa gatari, ta ce an ce itace na tafiya a Agiye. Ya ce mata itacen gonar nan tata shi ya riƙe mata lemar ƙasa. Ta ce ta sani. Ta roƙe shi dai kada ya tumɓuke gindi, ya bar wa kowane reshe biyu.

Kwana huɗu yana sara. A rana ta biyar ya ɗauki kayan a ka ya kai Agiye ya sayar, ya dawo da garin rogo a ƙullin rawani. A bakin titi ya tsaya ya huta. Motoci na wucewa cike da masu gudun yunwa da tabarminsu, ya hangi wani ɗan garinsu a bayan ɗaya, bai ɗaga masa hannu ba. Da la'asar ya isa gida, Habi ta jiƙa garin, suka ci.