Bene Mai Ƙofa Ɗaya

Makullin ya ƙi shiga kwaɗon shagon, don mai yadi gaggawa take yi. Ta ja da baya, ta ɗaga kai tana duban tagar bene.

"Baba! Baba mai agogo!"

Ko labulen bai motsa ba.

Wanda ya gina gidan nan tun zamanin kakanni, kansa kawai ya sani. Shago a ƙasa, ɗakin kwana a sama, matakalar kuma ya cusa ta can cikin shago bayan kanta, don yana sauka daga gado ya faɗa ciniki. Bai bar wata ƙofa ba. Da tsufa ya hana Baba gyaran agogo, ya sakar wa mai yadi shagon ya koma sama, sai fitarsa da shigarsa suka dawo hannunta. Ƙofar ƙarfe ce, kuma ta waje ake kulle ta.

"Gandiroba," yakan ce mata kowace safiya, "a buɗe wa fursuna ya sha iska."

Matakala goma sha bakwai ne na katako, ƙafafu sun cinye su har sun yi santsi. Da takalmi yake sauka, amma in zai hau sai ya tuɓe su ya riƙe a hannu ɗaya, ɗayan yana dafa bango. Shekara tara ba ta taɓa ganin ya manta su a ƙasa ba.

Yau da hantsi, ta gama share shago da matakala ke nan aka kira ta: 'yarta tana naƙuda a asibiti. Ta ɗaga murya daga ƙasa.

"Baba, zan rufe. Awa ɗaya na dawo. Ka sha maganin zuciyarka?"

"Je ki, 'yar nan. Ina fursuna zai je?"

Awa ɗaya ta zama shida. Sai da jariri ya yi kuka ta tuna ta kira wayarsa. Sau biyar tana kira ba a ɗauka ba, nan take ta kamo hanyar shago.

Mai gilashi, maƙwabcinta na shagon dama, ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Kawo nan, yaya, za ki karya makullin."

"Ka ji motsinsa? Ya buga ƙofa?"

"Ina yankan gilashi da inji tun safe. Ko ganga aka buga ba zan ji ba."

Ya buɗe kwaɗon, suka cicciɓi ƙofar ta naɗe sama da ƙara. Ba ta tsaya kunna wuta ba, ta zaga kanta da gudu, ta haye matakala bibbiyu tana haki.

Baba yana kwance a kan gadonsa, fuska ga bango, ya ja mayafi zuwa ƙirji. Agogunan bango suna ta tafiyarsu, kowane da nasa lokacin. Ta taɓa ƙafarsa ta ji sanyi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji mai gilashi daga bakin ƙofa.

Ta zauna a ƙasa. Kukan ma ya ƙi zuwa.

"Ni na kulle shi. In ciwon ne ya taso ya nemi fita fa?"

"Haba yaya, dubi kwanciyarsa. Wanda ya nemi fita a bakin ƙofa ake samunsa. Barci ya yi, lokaci ya yi. Kar ki ɗora wa kanki."

Ta dubi mayafin, ta dubi ƙwayoyin magani da kofin ruwa a kan tebur. Maganar ta shige ta. Ta sauke ajiyar zuciya, sannan hawaye suka zo.

"Namiji ta haifa," ta ce. "Baba na so in fara gaya wa."

Mai gilashi ya tsaya rufe masa fuska, ita kuma ta miƙe za ta kira ƙanwar Baba. Ta sauko a hankali tana dafa bango inda hannunsa ya bar baƙin layi a jikin fenti. Yanzu hasken la'asar ya shigo shagon har bayan kanta.

A mataki na goma sha shida ta tsaya.

Takalmansa suna nan a gindin matakala, inda ta share da safe, a jere gefe da gefe.