Yatsun Baƙin Mai

Da gudu Uwar Jirgi ta fito daga asibitin, takardu a hammata, takalmi ɗaya na neman tsinkewa. Ko masu jiran likita ba ta ƙyale ba. Har wani da ya zo cire haƙori sai da ya dangwala mata yatsa, yana riƙe da kumatu.

Ɗinki ne sana'arta. Laƙabin kuwa ya samo asali ne tun ranar da hukumar jirgin ƙasa ta ce duk garin da ya kawo sa hannun mutum ɗari biyar, a nan jirgi zai riƙa tsayawa. Yau da azahar za a rufe karɓa. Ita kuwa 'yarta tilo tana can ƙarshen layin, tafiyar wuni guda a mota, ga jikar da sau ɗaya tak ta taɓa goyawa.

Saura hannu ashirin, kuma wuri ɗaya ya rage: tashar mota, inda direbobi suka rantse jirgi zai kashe musu kasuwa. Shugabansu ba kowa ba ne illa mijinta, wanda ko "jirgi" aka ambata a gida sai ya ture kwano.

Tana shiga suka sa ihu, wani na kwaikwayon kukan jirgi. Ita ma dariya ta kama ta, don murna ta riga ta hau mata kai. Ta buɗe gwangwanin tawada da yanga. Ashe tun a bakin asibiti ta bar shi buɗe a rana. Ya bushe ƙamas! Ta hura masa iska, ta murza, ko ɗigo.

"Yaya, jirgin naki ya mutu tun bai tashi ba!" in ji wani direba.

Sai ga maigidan ya jawo jiki daga ƙarƙashin bas, hannu baƙi ƙirin da mai. Ya miƙe da ƙyar, dafe da ƙugu.

"Kawo takardar."

"Maigida, don Allah kar ka yaga."

Ya karɓa, ya shimfiɗa ta a jikin bas ɗin. Can ya danna babban yatsa a kan takardar, shaida ta fito raɗau, ta fi ta tawada kyau.

"To, me kuke jira?" ya daka wa direbobin tsawa. "In jirgin ya sauke mutane, a ka za a ɗauke su zuwa gida?"

Nan fa aka hau rububi. Mai tsabtar hannu ma sai ya shafo inji. Uwar Jirgi na ƙirge tana tsalle, har takalmin ya ƙarasa tsinkewa.

Ta juya za ta ruga, ya riƙo bakin mayafinta, ya rage murya.

"In an fara, ki kama mini kujerar bakin taga. Shekara talatin ina bin hanyar nan, ban taɓa ganin abin da ke gefenta ba."