Rijiyar Gwaggo da Lasisin Ƙetaren Kogi

Tun ranar da Injiniya ta kafa turaku a gonar bakin kogi, Gwaggo ta daina amsa gaisuwarta da baki, sai dai da ka. Injiniya mai awon fili ce, ofishinta ɗaki guda ne a saman wani shagon kayan gyaran mota. Ita wani Ɗan Kwangila ya ɗauka ta fitar masa da iyakar filin da ya saya a gefen gonar gwaggonta. Ta karɓo tsofaffin lambobi daga ofishin filaye, ta zuba su a manhajar taswira, manhaja ta nuna mata inda za ta kafa, ta kafa. Da aka ja igiya sai ga rijiyar da marigayi mijin Gwaggo ya haƙa da hannunsa ta faɗa cikin filin Ɗan Kwangila.

"Na'ura ba ta san dangi ba, Gwaggo," in ji Injiniya a ranar.

"Haka ne, 'yar nan. Ke ma na ga kin ɗauki karatu a wurinta."

Maganar ta yi mata ciwo, don a hannun matar nan ta tashi, amma ta danne, ta ce aiki aiki ne. Yanzu ga shi an sauke bulo, magina na jiran umarni, abin da ya rage kawai ta buga taswirar ƙarshe ta sa hatimi, katanga ta raba Gwaggo da ruwanta. Ana haka sai manhaja ta ƙi buɗewa.

Da ma ƙi na gaba ɗaya ta yi, da da sauƙi. A kan tebur sai ta fito da jan rubutu cewa wannan lasisi ba na yankinku ba ne. Injiniya ta kashe ta kunna har ta gaji, ta ɗauki kwamfutar a buɗe za ta kai wa mai gyara. Tana tsakiyar matakala sai ga taswira ta bayyana tas. Ta koma tebur, manhaja ta rufe. Ta dawo matakala, manhaja ta buɗe. Mai shagon ƙasa da ke kallonta tana hawa tana sauka ya kasa haƙuri.

"Lafiya dai, Injiniya? Ko motsa jiki likita ya rubuta miki?"

Ba ta kula shi ba, ta kira mijin ƙanwarta, wanda kowa ke ce wa Araha. Mutum ne da ko allura zai saya sai ya gano inda ake ɗora zare kyauta, kuma shi ta ba aikin sabunta lasisin manhajar bara.

"Yaya, ai kamfanin nan kowace ƙasa da farashinta," in ji shi, babu ko alamar kunya a muryarsa. "Manhaja ɗaya ce, amma a ƙasar da ke ƙetaren kogi kuɗinta bai kai rabin namu ba. Sai na saya da adireshin wani abokina na can."

"Kuma ba ka faɗa mini ba?"

"Kin tambaya? Godiya kika yi, har da sa albarka."

"To me ya sa take buɗewa a matakala?"

"Wannan kuma sai ki tambayi matakalar."

Ta kashe wayar tana shirin jan tsaki, sai idonta ya sauka a kusurwar allon wayar. Sunan kamfanin sadarwa ya canja. Tagar matakala kogi take kallo, wayar da take ba kwamfutar intanet tana kamo sabis ɗin ƙetare ta nan, manhaja kuwa sai ta ɗauka ta koma gida.

Wata da haushi za ta wuni, amma Injiniya irin mutanen nan ce da in suka ga zare sai sun bi shi har ƙarshensa. Ashe akwai wata iyaka a garin nan da ba wanda ya taɓa kafa mata turke? Ta rataya jakar na'urar awo, ta rungumi kwamfuta, ta shiga titi. A gidan mai manhaja ta buɗe. A bakin kantin magani ta rufe. Shagon aski kuwa raba shi aka yi biyu, kujerar bakin ƙofa tana yankin araha, ta ciki tana yankin tsada. Da ta faɗa wa mai askin, ya ce to daga yau zai ƙara wa na ciki kuɗi. Tana tafe tana mamakin wanda ya zauna a wani ofishi mai nisa ya yanke cewa mutanen wancan gefen ruwa sun fi na wannan gefen talauci, alhali kasuwa ɗaya suke ci, kuma rabinsu surukan juna ne.

Tana ƙara kusantar kogi, manhajar na ƙara zama daram. Ba ta ankara ba sai ganin kanta ta yi a gonar Gwaggo, ga bulon Ɗan Kwangila jibge, ga jajayen turakunta a jere. Gwaggo na jan guga tana ba albasa ruwa. Injiniya ta gaishe ta, aka amsa da ka.

A gefen gonar akwai tsohon dutsen siminti na gwamnati na alamar awo, mai lamba a goshinsa. Ranar da ta kafa turaku ciyawa ta rufe shi, ita kuma sauri take yi, ba ta neme shi ba. Yanzu an yi noma ya fito fili. Don kawai ta ga yadda abin zai kasance, ta ɗora na'urar awo a kansa, ta shigar da lambarsa.

Manhaja ta ce dutsen yana tsakiyar albasa.

Injiniya ta dubi albasa, ta dubi dutsen da ke gabanta. Tsakaninsu ya kai faɗin ɗaki babba. Ta sake shigarwa, amsa ɗaya. Sai ta kai ido can ƙasan allon, wurin ƙananan rubutun da ta daina karantawa tun da daɗewa, kamar yadda mutum ke daina ganin tsagar bangon ɗakinsa. Sunan tsarin awon da ke wurin ba na ƙasarsu ba ne. Kowace ƙasa da inda take fara ƙirga awonta, lasisin ƙetare kuwa da nasa ya zo. Ita ta zuba lambobin nan gida, manhaja ta karanta su da ma'aunin can, tamkar a auna maka hatsi da mudun wata kasuwa.

Ta canja tsarin zuwa na gida. Layin iyaka ya yi tsalle ya koma baya. Dutsen taswira ya hau kan dutsen gona, rijiya ta dawo gonar Gwaggo, har da ragowar wurin ɗaure akuya.

Kunya ta rufe ta tun daga ka har ƙafa. Ta ajiye kwamfutar, ta je ta kama turken farko da hannu biyu. Da kyau ta kafa shi, sai da ta yi gumi ya fito. Ta wuce na biyu. Gwaggo ta saki guga tana kallo.

"Me kuma na'urar ta ce yau?"

"Ta ce rijiyar taki ce, Gwaggo. Ni na yi kuskure. Ki yafe mini."

"Ikon Allah. Ni dai kullum nan nake samunta da safe, ban taɓa ganin ta motsa ba."

Ta ɗebo ruwa a gugan ta miƙa mata ta wanke hannu. Injiniya ta wanke, ta sha, sanyinsa ya ratsa ta. Za ta je wurin Ɗan Kwangila yanzu, ya yi faɗansa ya gama. Araha kuwa, zai ji a jikinsa cewa araha ba ta ado.

Gwaggo ta ɗauki turke ɗaya tana jujjuya shi, tana kankare jan fentin da farce.

"Ni kam na samu tawa," ta ce. "Amma 'yar nan, tun bara da kika sayi abin nan, a gonakin mutane nawa kika kafa irin wannan?"

Injiniya ta juya ta dubi gari. Daga nan bakin kogi ana hango sababbin katangu da yawa, wasu har an yi musu fenti.