Kan Ungulu a Kasuwar Cadawa

Baba Ayuba ya ɗaga tabarmar da ke bayansa, ya jawo wani ƙunshi na takardar siminti, ya ajiye a gaban Sakina.

"Ɗiyata, Allah ya yi. Buɗe ki gani."

Ta buɗe. Kan ungulu ne da wuyansa, da ƙafafu biyu. Bai gama bushewa ba, nan take ƙudaje suka taru.

Kasuwa uku ke nan tana zuwa rumfar wannan mai magani a Cadawa. Tun da ta dawo daga karatu a Dakar take wannan aiki. Ƙungiyar kare tsuntsaye da ta ɗauke ta tana son sanin yawan ungulayen da ake sayarwa a rumfunan magani, daga Gidan Rumji har Gazawa. A buro, wato ofishinsu, an gargaɗe ta kada ta shiga kasuwa da takarda da biro, don mai magani ba ya buɗe baki a gaban mai rubutu. Sai ta sa tsohon hijabi ta zo a matsayin mai saye. Ta ce mahaifiyarta ce ke kwance, ƙafafu sun riƙe, an ce sai da kan ungulu. Ran farko ya ce babu, shekara biyu rabonsa da ganin ko gashinta. Ta koma gida ta rubuta babu. Amma ƙa'idar aikin ta ce a maimaita tambayar a kasuwa uku, saboda haka ta dawo ta sake tambaya.

Yanzu yana ba ta labari, fuskarsa cike da murna. Ya ce zuwanta na biyu ya tsaya masa a rai, don irin wannan ciwo ne ya ɗauki tasa mahaifiyar. Shi ya sa ya aika wa wani maharbi, Abdurrahaman, wanda ya sha yawo kafin ya dace a wani babban gawo kusa da rijiyar makiyaya, a gabas da Gangara. Ya ce ba ya son riba a kai.

Sakina ta san wannan gawon. Sheƙa ɗaya ce ta rage a littafinta a duk yankin, kuma a kansa take. Watan jiya ta yini a gindinsa da madubin hangen nesa, har ta ga kan ɗan tsako ya leƙo.

Ta ce tana zuwa. Ta zaga bayan rumfar masu gishiri ta kira Kawu Hamisu, makiyayin da ke duba mata sheƙar. Ya ce kwana huɗu ke nan ungulu ɗaya yake gani a sheƙar maimakon biyu. In ta tashi neman abinci, sai ɗan ya yini a rana shi kaɗai.

"Na ce ko ɗayar yaji ta yi," in ji shi, yana dariya. "Malama, kina ji na?"

Ta ce tana ji. Ta tambaye shi ko yana kusa da gawon. Ya ce ya yi nisa da shanu, ba zai komo ba sai faɗuwar rana.

Da ta dawo, Baba Ayuba ya soma koya mata yadda ake haɗawa: a ƙona, a daka, a kwaɓa da man shanu, a shafa safe da yamma. Ya ƙara da cewa kada ta damu in ya ƙare. Ciwon da ya daɗe, kai ɗaya ba ya isarsa. Abdurrahaman ya ga su biyu ne, yau da safe ya koma da mushen akuya da tarko don ya kamo ɗayar.

Ta tsuguna tana kallon tabarma. In ta faɗi ko ita wace ce, kafin kasuwa ta zagayo duk masu magani har Gidan Rumji sun ji, aikin shekara guda ya mutu, wataƙila har da kujerarta a buro. Ta sa hannu cikin hijabi ta ciro katin aikinta ta miƙa masa.

Ba ya karanta Faransanci. Ya dubi hoton tsuntsu, ya dubi hotonta, ya ɗago ya dube ta. Ta gaya masa kome a taƙaice, ba ta yi wa maganar ado ba. Ta roƙe shi ya kira maharbin.

Ya tambaya ko da jami'an gandun daji ta zo. Ta ce ita kaɗai ce.

Ya ɗauki salularsa ya danna, ya kara a kunne, ya sake dannawa. Babu rezo a wancan daji, kira ba ya shiga. Ya ce in ta hau babur ɗin kabu-kabu yanzu ta yiwu ta riski maharbin, don ungulu ba ta sauka kan mushe sai ta tabbata babu motsi. In ta same shi, ta ce masa Ayuba ne ya ce ya bari.

Ta miƙe za ta tafi.

"Tsaya. Mahaifiyar taki fa?"

"Lafiyarta ƙalau, Baba. Tana Maradi, tana sayar da atamfa."

"Alhamdu lillahi," ya ce. Ya daɗe yana gyara wasu saiwoyi da ba su bukatar gyara. "Sati biyu ina sa ta a addu'a bayan kowace salla."

Ya naɗe takardar simintin, ya ɗaure da zare, ya miƙo mata. Ta ce ba za ta iya karɓa ba.

"Ɗauki. Ni ban nemi wannan ba, ke kika nema."

Mai kabu-kabu ya ce ta kawo kayan ya rataya a gaba. Ta ce ya bari, ya dai yi sauri. Suka kama hanyar Gangara, ƙunshin a kan cinyarta.