Barka Huɗu-Huɗu a Gidan Darakta

A bakin hanyar Kalfu, in ka ɗan fita daga Tawa, akwai wata jami'a mai zaman kanta. Bara waccan ɗalibanta suka yi yajin karatu a kan abincin da ake dafa musu, har aka fasa gilashin wata mota. Da abin ya lafa, sai masu makarantar suka kafa doka: ɗalibai fiye da huɗu ba za su taru ko'ina cikin harabar ba, in ba a aji ko wurin ibada ba, sai da izinin darakta, izinin ma a neme shi tun mako guda kafin ranar. Wanda ya tara mutane, korar mako biyu. Wanda aka kora ba ya taka makarantar, ba a kuma zuwa roƙo a madadinsa.

To, ku ji wadda dokar ta fara kamawa. Ba masu fasa gilashi ba, Asabe ce, ɗiyar Malam Yohanna mai koyarwa a firamare, yarinyar da ko kaza ba ta iya yi wa tsawa. Tana shekarar ƙarshe. Ran Talata uwarta ta aiko mata dambu da zogale, tire guda, ya sha mai da albasa. Ta zauna gindin bishiyar dogon yaro ta buɗe, ta ce da 'yan matan da ke wucewa su zo su ci. A ƙasar Adar wa ke buɗe abinci ya juya wa mutane baya? Kafin ka ce me, an zagaye tire, ana ci ana zancen famfon ɗakin kwanan mata da ya daɗe bai kawo ruwa ba.

Sai ga Hasan, mai sa ido a kan ɗalibai, wanda suke ce wa Mushe, wato malam da Faransanci, yana ƙirga kawuna da yatsa.

"Tiren wa ne wanga?"

"Nawa ne, Mushe," in ji Asabe. "Sa hannu mana."

"Ke kinka tara su ke nan."

Fiddausi, aminiyar Asabe, bakinta cike, ta ce, "Wallahi Mushe, dambu ne ya tara mu. Shi za ka kai ofis."

'Yan mata suka fashe da dariya, dariyar nan kuwa ita ta ƙarasa ɓata lamarin. Kafin la'asar an kori Asabe mako biyu. Jarrabawar fita kuma ran Litinin mai zuwa. In ba ta zauna ba, shekara guda ta tafi a banza, sai ta sake ta daga farko.

Washegari Fiddausi ta tare Rashidu, wani dogon yaro ɗan Barmu da ɗalibai ke jin maganarsa. Ya ce shi dai a kan maganar Asabe kansa ya ɗaure: in sun taru kora, in sun yi roƙo laifi.

Fiddausi ta ce, "Ka ji Madam Rakia ta haihu ran Lahadi?"

"Matar darakta? Mi ya dame ni da haihuwarsu?"

"Kai, ɗan ƙauye, ba ka da tarbiyya? Malaminka ya samu ƙaruwa ba ka je barka ba? Duk makaranta za ta je." Ta kashe ido ɗaya. "Amma mu masu bin doka ne. Huɗu-huɗu."

Rashidu ya tsaya yana kallonta, sannan ya riƙe ciki ya durƙusa a tsakiyar hanya yana dariya har hularsa ta faɗi.

Gidan darakta, Mushe Attaher, cikin harabar yake. Uwarsa, Hajiya Aminata, ta zo daga Affala don zaman jego, tsohuwa ce da ba ta wasa da haƙƙin baƙo. A wurinta mai barka sai an shimfiɗa masa tabarma, an ba shi ruwa, maigida da kansa ya amsa gaisuwa, ya kuma tashi ya raka shi har bakin ƙofa.

Ran Alhamis da hantsi huɗun farko suka yi sallama. Suka tuɓe takalma, suka durƙusa.

"Mushe, barka da arziki. Ina mai jego? Ina jariri? Ina Hajiya da gajiyar hanya? Ina mutanen Affala? Ina dabbobi? An samu ruwa can wajenku?"

Mushe Attaher ya ji daɗi, har da murmushi. Aka sha ruwa, aka yi addu'a doguwa. Ya raka su. A bakin ƙofa ɗayansu ya waiwayo ya ce, "Af, Asabe Yohanna tana yi maka barka. Ita ba ta da ikon shigowa."

Ya ce madalla, ya dawo ya zauna, ya ɗauki kofin shayinsa.

"Salamu alaikum!"

Wasu huɗu. Ina mai jego, ina jariri, ina dabbobi. Ruwa, addu'a, rakiya. Asabe Yohanna tana yi maka barka.

Jama'a, haka aka wuni. Shayin nan bai shiga bakinsa da zafi ba ko sau ɗaya. In ka leƙa waje, ga ɗalibai tun daga bakin gidan har filin ƙwallo, gungu-gungu, tsakanin kowane huɗu da huɗu an bar fili kamar shukar gero. Rashidu yana tsaye kan wani dutse, in waɗansu sun fito sai ya ɗaga hula, na gaba su taso. Hasan yana ta kai da kawo yana ƙirga, gumi na zuba, ko'ina huɗu cif. Wata yarinya ma ta ce masa, "Mushe, ja da baya kaɗan, kada a ɗauka kai ne na biyar."

Hajiya Aminata kuwa baki har kunne. Ta ce ashe ɗanta haka ake son shi a birni. Ran Juma'a bayan masallaci darakta ya lallaɓa ɗaki ya kwanta, ya ce a ce ba ya nan. Tsohuwa ta bi shi har bakin gado.

"Attaher, tashi. A gidan ubanka ba a taɓa mayar da mai barka ba."

"Inna, gwiwoyina..."

"Gwiwoyin nawa da sunka goya ka fa? Tashi ka raka baƙi."

Ran Asabar da la'asar muryarsa ta dishe, yana amsa gaisuwa da ka kawai. Da ya raka wasu huɗun ya hangi layi bai ragu ba, sai ya ɗaga hannu biyu sama.

"Ku shigo gaba ɗaya! Dukanku! A yi addu'a guda a tashi!"

Rashidu ya sauko daga kan dutse, ya cire hula, ya rusuna. "Ranka shi daɗe, doka ta hana."

"Na ba da izini!"

"Ai sai an nema da mako guda, ranka shi daɗe. In munka nema yau, sai Asabar ta sama."

Wani ya tuntsire da dariya daga baya, aka toshe masa baki. Hajiya, da ta biyo ɗanta bakin ƙofa, ta yafito Fiddausi.

"Ke ɗiyata, wace ce Asaben ga da kowa ke kawo gaisuwarta? Ba ta da ƙafa ne?"

"Tana da su, Hajiya. Ba roƙo nike ba fa, tambaya kinka yi." Sai ta ba ta labarin tire tun daga albasa har kora.

Tsohuwa ta juya ta dubi ɗanta sama da ƙasa. "To da ita kaɗai za ta cinye, mutane na kallo?"

"Inna, ba ni kaɗai na kafa dokar ba, ba ni kuma da ikon cire ta."

"Korar fa, wa ya yi ta?"

Ya dubi layi, ya dubi Rashidu. "Saura da yawa?"

"'Yan shekarar farko ba su fara ba, ranka shi daɗe. Na Alhamis kuma sun ce ba su ga jariri da kyau ba, suna son dawowa."

Mushe Attaher ya zauna daɓas a kan dakali. Kafaɗunsa suka fara girgiza, aka ɗauka kuka zai yi, ashe dariya ce, marar sauti don muryar ta ƙare. Ya yafito Hasan ya raɗa masa magana. Hasan ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce an janye korar Asabe Yohanna, ta zo jarrabawa ran Litinin.

Ihun da aka yi har awakin maƙwabta sai da suka tsinke igiya. 'Yan mata suka rangaɗa guɗa, aka ruga aka rungumi juna, layi ya dagule. Hasan ya ɗaga yatsa zai fara ƙirga, Hajiya ta miƙa masa kofin ruwa ta ce ya sha ya huta.

Dokar dai tana nan, ba a cire ta ba, ɗalibai kuma ba su daina maganarta ba. Amma a ranar, Fiddausi ba ta tsaya kan wannan ba. Ta haye kabu-kabu, ta ce da mai babur ya tashi sama in zai iya. Ta faɗa gidan Malam Yohanna ko sallama ba ta gama ba, ta tarar da Asabe zaune kan turmi idanu sun kumbura.

"Tashi, 'yar banza, Litinin kina da jarrabawa!"

Asabe ta yi tsalle, uwarta ta ɗauki murfin tukunya tana kaɗawa da ludayi, suka kama rawa su uku a tsakar gida. Malam Yohanna ya fito daga ɗaki da tabarau a hannu, ya saurari labarin, ya ce an gode Allah, sannan ya ce kwana ɗaya ya rage, a bar rawa a ɗauko littafi. Asabe ta ruga ta ɗauko, ta buɗe, ta zauna. Ƙafafunta dai ba su daina bin kiɗan murfin ba.