Ƙafar Baba Birki

Duk wanda ya iya tuƙi a unguwar nan, daga matan ma'aikata har samarin da ke jan tasi, ta hannun Baba Birki ya bi, kuma ba a taɓa jin wanda ya fito yana sa masa albarka ba. Koyar da mota ce sana'arsa tun gashinsa na baƙi. Wata tsohuwar farar mota gare shi, an manna mata jan harafi gaba da baya, kuma a gindin kujerar mai zaman banza makaniki ya dasa masa birki na biyu. To shi dai ba zaman banza yake yi a wurin ba. Ɗalibi na tuƙi, shi yana gefe, ƙafar dama na shawagi a kan ƙarfen nan. Ka ɗan kauce, sai ka ji goshinka ya gaisa da sitiyari.

Abin da ya fi birkin ciwo kuwa, wa'azin da ke biyo baya. Kada Allah ya sa ɗalibi ya ce bai san lokacin da ya taka totur ba. Nan Baba zai sa a faka, ya juyo gaba ɗaya, ya ce ƙafa ba ta da kai, aikenta ake yi. Mashayi, ɗan caca, mai zabga wa matarsa saki cikin fushi ya dawo yana kuka, duk a wurinsa maƙaryata ne, sun so ne suka yi. Shi da ya ga dama rana ɗaya ya yar da sigari, kuma ya ba da labarin nan a bencin mai shayi har mai shayin ya fi shi iya faɗa.

Yana da 'ya, ana ce mata Tababa, shi kuma yana kiranta Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci. Mijinta ya rasu, ta dawo gida da yara biyu, aka ba ta ɗakin baya inda ake jibge tsofaffin tayoyi, kayan yaran ma warin baƙin mai suke yi. A gidan nan sabulu sai an tambaya, fita sai an tambaya, buɗe taga ma da ɗan bayani. Ba rowa gare shi ba, a'a. So yake a tambaye shi.

Sai ga wata makarantar yara ƙanana tana neman direban bas. Mai makarantar ta ce mace take so, don direban da ta kora ya fi kallon masu tafiya a gefen titi fiye da titin. Ga albashi, ga ɗaki ciki da falo a bayan makaranta. Tababa ta daina barci don murna. Tana da lasisi, uban ne ya koya mata tun tana budurwa, kuma a ransa ya san bai taɓa yaye ɗalibi mai hannunta ba. Bai dai taɓa gaya mata ba, kada kanta ya kumbura.

Mai makaranta ta ce sai ta ga tuƙin da idonta, bas kuwa tana gareji. Tababa ta durƙusa ta roƙi aron mota. Ya ce motarsa ba ta fita ba shi. Ta ce to ya zauna a baya. Ya ce tun da ya saye ta bai san yadda bayanta yake ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba.

"To Baba, don girman Allah, ka riƙe ƙafarka. Ko me ka gani, ka bar ni da shi."

"Ni kike gaya wa in riƙe ƙafata, Uwata? Tawa ce ko ta haya?"

Ya ji haushi ƙwarai, amma fa yana so ta samu. Da safen ya wanke motar da kansa, ya goge madubi da bakin rigarsa. Da ya shiga, ya tuɓe takalmin dama, ya naɗe ƙafar a kan kujera, ya zauna a kanta, don ta ga irin mutumin da ya haife ta.

Mai makaranta mace ce mai jiki, tabarau a ƙarshen hanci. Ta zauna tsakiyar kujerar baya, ta turo kai tsakanin uba da 'ya, bakinta bai huta ba. Suka bi ta kasuwa, suka zaga shataletale, aka sa Tababa ta yi baya-baya tsakanin wasu motoci biyu, ta shige sumul ko goga babu. Kafin su juyo matar ta bar zancen tuƙi, ta koma zancen fentin ɗakin, da cewa yaran Tababa ma sai su shiga aji kyauta. Baba yana jin haka sai ya tuna ɗakin baya zai koma na tayoyi kawai.

Dab da ƙofar makaranta, wani mai amalanke ya turo hancin amalankensa daga lungu. Baba ya gan shi. Ya kuma ga Tababa ta riga shi gani: ta ɗage ƙafa daga totur, ta ɗan karkata, ga fili ko tirela ta wuce. Har ya ce madalla a zuciyarsa.

Sai motar ta kafe, ƙiii.

Ya duba ƙasa. Ga ƙafarsa tsirara a kan ƙarfe, ta danne shi har ƙasa, yatsun sun yi fari. Yaushe ta zame daga ƙarƙashinsa, yaushe ta sauka, bai sani ba. Wallahi bai sani ba.

Mai makaranta ta daki ƙarfen kujera da baki. Tabarau ya rabe biyu, leɓe ya fashe. Ta dafe wurin da gefen mayafi, ta tambaya a hankali, wa ya taka?

Hannunta na kan sitiyari, Tababa ta juyo tana kallon ubanta. Abin da zai faɗa ba shi da tsawo, ya ma taso har maƙogwaro: ƙafata ce ta kuɓuce mini, yarinyar ba ta da laifi. Matar nan mai dariya ce, da ta yi tsaki ta yafe. Amma sai bencin mai shayi ya faɗo masa, da duk ɗaliban da ya sa suka faka, da fuskar kowane maƙaryaci da ya taɓa yi wa wa'azi. Kafin la'asar labari zai gama unguwa.

"Ba ta ga mai amalanken ba, ranki ya daɗe," ya ce. "Da ban taka ba, da wani zancen ake yi."

Mai makaranta ta tattara gilasanta a tafin hannu.

"Yau kana nan, Baba. Gobe wa zai taka mata, ga 'ya'yan mutane cike da baya?"

Ta fita, ta rufe ƙofar a hankali. Tababa ta kashe mota, ta zare mukulli, ta ajiye masa a cinya, ta taka da ƙafa har gida. Shi ya zauna yana laluben takalminsa.

Da yamma ta kawo masa abinci kamar kullum, ta durƙusa, ba ta tashi ba.

"Baba, ba kowa a nan, daga ni sai kai. Mai amalanken nan, na gan shi ko ban gan shi ba?"

Ya buɗe kwano, ya rufe. Ya ce ruwan wanke hannun ya yi sanyi.

Ta ɗauka ta canzo.

Bas ɗin, da aka rasa wata macen, wani tsohon ɗalibin Baba aka ba, wanda sai da ya cinye damina biyu kafin ya bambance birki da kuloci, kuma tuni ya kwashe wa ƙofar makarantar gefe guda. Tababa na nan a ɗakin tayoyi. Ba ta yi rashin kunya ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Tambaya ce kawai ta daina. In sabulu ya ƙare, sai ta wanke da ruwa zalla, shi kuma yana zaune a tsakar gida yana jiran a tambaye shi.

Har yanzu yana koyarwa, wa'azin ma bai ragu ba. Sai dai sababbin ɗalibai sukan sami gargaɗi daga tsofaffi: in kun doshi ƙofar makarantar nan, ku riƙe sitiyari da kyau, ku janye goshi. Ko lungun wayam yake, ko kaza babu, a nan motar ke kafewa. Sai Baba ya juyo gaba ɗaya, ya tambayi yaron mutane ina idonsa yake.