Rigar Sanyin Mien

Lanh na cikin soka tsinken sakace a jikin gwandar sai ya goce ya shige mata yatsa. Ta tsotse jinin ta ɗauko wani ɓarin lemon. Kare take haɗawa, irin wanda kowane aji ke ɗorawa a kan tiren 'ya'yan itatuwa ranar bikin tsakiyar kaka: gwanda ce jikin, gwaiba ce kan, sai a ɓare ƙaton lemon buoi a baje tsokarsa a manna ta zama gashi. Bana aikin ajin Bach, ɗanta mai shekara shida, a kanta ya faɗo. Iyayen ajin sun san halin da take ciki sarai, amma da aiki ya taso ba wanda ya ga kumburin idonta.

Mien, babbar 'yarta, tana durƙushe a gefe cikin kayan makaranta, ta ɗaure jan ƙyallen wuyanta tsaf. Da ita ce mai miƙo tsinke. Yau ƙaninta ta tura gaba.

"Daga ƙafafu ake farawa, kai sarkin gaggawa. In ka fara ta kai, gashin ba zai kwanta ba."

"Ni na gaji. Ki yi mana, Yaya."

"Baɗi fa? Wa zai yi maka?"

Maganar ta soki Lanh fiye da tsinken. Ta manna wa karen baƙaƙen maɓallai biyu a matsayin idanu, ta miƙe. "Ku bar ni da surutu, za mu makara."

Tun da suka dawo daga kotu haka take yi wa yarinyar magana, a gutsure. Alƙali ya raba auren, ya raba 'ya'yan, ɗaya nan ɗaya can. Bach bai kai shekarun da ake tambaya ba, don haka Mien aka shiga da ita ɗaki aka ce wa take so. Ta ce Baba. Baban da ya tafi kudu aikin gini ya lafe can, wanda ko ajin da take bai sani ba. Yau da yamma Duong, baban nasu, zai zo ya tafi da ita a jirgin ƙasa. Lanh ta wanke mata kaya, ta goge, ta jera a jaka, amma ta kasa buɗe baki ta tambaye ta dalili. Haushi take ji, haushi na gaske, ga kuma kunyar jin haushin 'yar shekara goma sha ɗaya.

A kan babur Bach ya tsaya a gaba, Mien ta hau baya ta rungume tiren karen. Garin Nam Dinh ya tashi da ɗan sanyin nan mai shiga hannun riga, busassun ganyaye na bin tayoyi a gefen titi. Kullum hannun Mien na zagaye da ƙugun uwarta. Yau tiren ne a tsakaninsu har ƙofar makaranta.

A kamfanin ɗinki, da aka tashi cin abincin rana, Lanh ba ta bi layi ba. Ta jawo shuɗiyar rigar sanyin da take ɗinkawa a ɓoye daga ragowar yadi, ta hau kan wuyan. Suu, wadda kekenta ke kusa da nata, ta leƙo da kwanon shinkafa a hannu.

"Rigar sanyi kuma? Kudu fa za ta. Can ba su san kaka ba, daga zafi sai ruwa."

"Ko da daddare ta sa."

Suu ta ɗaga rigar ta duba. "Wannan ai ni ma sai ta shige ni, da tumbin nawa da komai."

"Za ta girma ta cika ta, Yaya. Ba na nan balle in auna ta."

"Kin dai yi mata magana?"

"Ita ta zaɓa."

"Ke dai kanki ya fi ƙarfen keken nan tauri," in ji Suu. Ta ajiye mata kwanon a gefe ta koma.

Da la'asar farfajiyar makaranta ta cika da ganguna. Manyan yara na rawar zaki, ƙanana na zagaye da fitilun tauraro na jar leda. Karen ajin Bach ya zo na biyu, wai ido ɗaya ya faɗi kafin malamai su iso kansa. Lanh ta hango Duong a bakin ƙofa, ya rame ya yi duhu, da kwalin kek ɗin bikin, mai siffar wata, a hannu.

"Uwar Mien."

"Baban Mien. Ya hanya?"

"Lafiya." Ya miƙa mata kwalin, idonsa na kan Bach da ke bin zaki da gudu. "Tsohuwata har yanzu faɗa take. Wai namijin ya kamata in ɗauko, in ba haka ba wa zai kunna wa kakanni turare. Da yarinyar ta ce ke take so, ai shi za a ba ni. To ta riga ta faɗa."

Lanh ta karɓa. Kwalin ma a hannu ɗaya ta riƙe shi, kamar kayan wani.

A tasha Duong ya ja Bach suka tafi sayo ruwa, aka bar su su biyu a kan benci, jakar a ƙasa. Mien na kallon takalmanta.

"Mama, 'ya'yan lemon da muka tsire a siririn ƙarfe muka shanya suna kan taga. In wata ya fito ki kunna masa su kamar kyandir. Kar ki bari ya riƙe da hannunsa, bara ya ƙone."

"Na sani."

"Kuma ba ya son a kashe wuta sai ya yi barci."

"Ni na haife shi, Mien." Muryarta ta fito da kaushin da ba ta nufa ba. Ta ja numfashi. Lasifika ta ce jirgin kudu ya kusa, ta ga in ba yanzu ba shi ke nan. "Me na yi miki?"

"Ba komai."

"To me ya sa kika ce Baba?"

Yarinyar ta yi ta murza bakin jan ƙyallenta. Da ta yi magana, a hankali ta yi, ba ƙorafi a ciki.

"Ranar da Gwaggo Suu ta zo gida, kuna kicin, kin zaci ina karatu. Kin ce in aka ɗauke Bach ba za ki rayu ba. Kin ce Mien ta girma, za ta iya."

Lanh ta tuna. Ta tuna har da tukunyar da take wankewa lokacin. Ta faɗa, da bakinta, tana kuka, kuma ta manta da ta faɗa tun kafin tukunyar ta bushe.

"Ai maganar baƙin ciki ce, 'yata."

"Na sani."

Kalmar tana nan a bakinta: zauna. Sai su koma wurin alƙali, a sake. Ta ɗaga kai ta hango Bach yana tahowa, ya rungumo robar ruwa da hannu biyu, yana tsallake layukan siminti ɗaya bayan ɗaya, ubansa na biye da shi yana kallonsa. Mien ma shi take kallo. Sannan ta juyo ta dubi uwarta, ta jira.

Lanh ta sunkuya ta buɗe ledarta.

"Tashi in gwada miki wannan."

Mien ta miƙe, ta zura hannuwanta. Rigar ta sauko har gwiwa, kafaɗun suka zubo, wuyan ya kusa rufe mata kunnuwa. Bach ya iso ya kece da dariya. "Yaya ta shiga buhu." Lanh ta naɗe hannun rigar sau biyu, ya warware, ta sake naɗewa. Wuyan hannun da ke ciki bai cika zoben yatsunta biyu ba.

"Ta yi kyau, Mama. Zan girma in cika ta."

Jirgin ya shigo da ƙugi. Duong ya ɗauki jakar, ya shafa kan Bach, ya ce za su kira in sun isa. Mien ta hau ba ta waiwaya ba, sai can ta ɓullo ta taga. Jirgin ya fara ja. Ta zuro hannu tana ɗaga musu, naɗin ya sake warwarewa, shuɗin hannun rigar kawai ke kaɗawa, ba a ganin ko yatsa ɗaya.